Yadda Muka Je Kaduna Tambayar Kuɗin Karyewa

Tun da muka dawo daga Kaduna ni da Kawu Sale, ban taɓa zama a majalisar bakin kasuwa na tashi ba a tambaye ni ba. Wasu sun ji cewa kotu ce ta kira mu. Wasu sun ji gudu muka yi aka tare mu a Zariya. Akwai ma wanda ya rantse a asibiti aka gan mu. Na gaji da gyara labarin gutsure-gutsure, shi ya sa na nemi izinin Kawu in rubuta shi gaba ɗaya. Ya ce in rubuta, amma kada in ƙara gishiri, kada kuma in rufa masa abin da bai rufa wa kansa ba. Inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba. Ina kuma roƙon kada wani ya ɗauki wannan a matsayin shawarar lauya. Karatun kasuwanci na yi, darasin doka kuwa zango ɗaya kacal aka yi mana.

Kawu Sale ƙanen mahaifiyata ne, ya haura shekara talatin yana sana'ar hatsi a kasuwar Batsari. Da kaka ya karɓi bashi a wani ƙaramin banki, ya haɗa da na abokan kasuwanci biyu, ya sayi wake da masara da tsada yana jiran su ƙara tsada. Farashi ya yi ƙasa, ya ci gaba da yin ƙasa. Ya sayar da asara ya biya abin da ya samu, kuɗin ruwa ya ci gaba da hawa kan ragowar. Daga ƙarshe takarda ta zo daga bankin, ni na karanta masa ita: in mako uku ya cika bai biya ba, za su nemi a kwashe kayan da ke sitonsa.

Buhu arba'in da uku ne a siton. Sha biyu kaɗai ne nasa. Sauran talatin da ɗaya ajiyar mutane ce. Wanda ya san yankinmu ya san yadda abin yake: saboda halin da ƙauyuka ke ciki, manoma da matan Wagini da Yasore sun rage barin hatsi a rumbu. Mutum ya kawo buhunsa wurin ɗan hatsin da ya yarda da shi, ba takarda, ba kuɗin ajiya, sai ranar da ya buƙata ya zo ya ɗauka ko ya ce a sayar masa. Wani abincin damina ne ya ajiye, wata irin shuka.

Da na gama karanta takardar, Kawu ya ce, "Habu, nawa su tafi, ni na ci bashin. Na mutane fa?"

A nan na yi maganar da ta jawo tafiyar. Na ce ina jin akwai doka, wadda in mutum ya karye zai je kotu da ƙafarsa ya ce ya kasa biya, kotu ta dakatar da masu binsa, ta naɗa jami'in da zai tantance abin da ya mallaka ya raba masu. Na ce ina zaton ta haka za a ware kayan mutane. Sau uku na ce "ina jin", amma Kawu bai ji ko ɗaya ba. Abin da ya ji shi ne ɗan 'yar'uwarsa mai digiri ya ce akwai hanya. Kwana biyu bayan nan ya sayar da babur ɗinsa naira dubu ɗari huɗu, ya damƙa mani kuɗin ya ce ni ne ma'aji.

Zangonmu na farko Safana ne, wurin Malam Iro, abokin Kawu tun suna samari, wanda ya yi aikin magatakardan kotu har ya yi ritaya. Da hantsi muka hau acaɓa biyu, domin ba mai son la'asar ta same shi a wannan hanya. Kawu ya saka babbar rigarsa mai aiki, ya kuma ɗaura rabin buhun wake daga abincin gidansa, wai ba a zuwa wurin mutane hannu sake. Na ce masa, cikin ladabi, ko da zai fi kyau mai zuwa cewa ba shi da komai ya saka kaya sassauƙa.

"Karyewa na yi, Habu, ba haukacewa ba," in ji shi.

Malam Iro na zaune a zaure ya hango mu. Tun kafin mu sauka ya fara.

"Sale, kai ne yau a bayan ɗan acaɓa? Ina dokin naka?"

"Yana hutu."

"Hutun da ba a dawowa ke nan, irin nawa."

Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, aka kawo fura da nono mai kauri irin wanda ba ka samu a birni. Sai da muka sha sannan Kawu ya ce in yi bayani. Malam Iro ya saurare ni har ƙarshe, yana kaɗa ludayi a kwano.

"Ɗana, na rubuta shari'ar aure, na rubuta ta gona, ta satar shanu, ta bashi ba adadi. Ban taɓa ganin wanda ya kai kansa ƙara ba. Wato mutum ya yi ƙarar kansa, kuma shi zai biya kuɗin sammaci?"

Na ce kusan haka ne, amma ban tabbata ba. Ya ce malamai suna da babin wannan a fiƙihu, sai dai banki ba gaban alƙalinsu zai tsaya ba, abin na kotun tarayya ne. Lauyoyin da ya sani a kusa duk na gona da gado ne. Amma akwai wata Barista Rahila da ta yi bautar ƙasa a Dutsinma lokacin yana aiki can, yanzu tana Kaduna tana shari'ar basussukan kamfanoni. Ya kira ta a gabanmu, ta ba mu jibi da ƙarfe goma. A gidansa muka kwana.

Washegari muka shiga Dutsinma, muka jira mota ta cika. Direba ya ce rabin buhu kuɗin rabin mutum ne. Kawu ya ce to a ba waken rabin kujera. Aka yi dariya, aka daidaita a kan naira ɗari biyar, na rubuta a ɗan littafina. A Funtuwa muka canza mota. Kusa da Kawu wata Hajiya ce mai sayar da atamfa, ta dubi rigarsa ta tambayi inda Alhaji ya nufa. Ya ce zai je duba kasuwa. Da ta ji ɗan hatsi ne sai ta ce ƙanenta na neman mai kawo masa wake mota-mota, nawa buhu yanzu a wajenku? Kawu ya faɗa mata farashin fari da na ja, da na Batsari da na Jibiya, har da kuɗin dako, bai ko yi tunani ba. Ta ce ya ba ta lambarsa. Ya ce wayar ba caji. Daga nan ya juya yana kallon taga.

Inda ƙasar Katsina ta ƙare ta Kaduna ta fara, wasu mutane masu riga iri ɗaya suka jawo katako mai ƙusoshi suka tare hanya. Ban san na wace hukuma ba ne, ban ma tabbata na hukuma ne ba. Suka buɗe but ɗin motar suka ga wake, suka ce amfanin gona ne ya tsallaka jiha, naira dubu biyu. A nan ran Kawu ya dawo. Ya fito ya gyara riga, ya tambayi babbansu sunan garinsu, ya gano ya san surukinsa, ya bi da shi ta tsadar taki da halin damina, har abin ya sauko ɗari uku. Ni kuma na ce a ba ni rasit. Mutumin ya dube ni kamar na zage shi, ya yago wata takarda da ba komai a jikinta ya miƙo mani. Har yanzu tana cikin littafin.

A al'adar 'yan hatsi, in ka sauka wani gari akwai mai masaukinka, ɗan garinku da ya zauna can, ya ba ka tabarma da tuwo ba ko kwabo. Kawu yana da nasa a Kaduna, amma ya ce in muka sauka wurinsa labari zai riga mu komawa Batsari. Sai muka nemi ɗakin haya na kwana. Matashiyar da ke kan teburi ta katse Kawu yana tsakiyar tambayarta ya gida ya aiki, ta ce dubu goma sha biyu, kuma yanzu ake biya. Ta ba mu takarda mu cike suna da sana'a da dalilin zuwa. Kawu ya ce a garinmu baƙo sai ya ci ya sha ya huta kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi, a nan kuwa ko takalmi bai cire ba. A gurbin dalili na tsaya da biro a hannu ina tunanin abin da ba zai zama ƙarya ba. Na rubuta "neman shawara".

Abinci ma haka. A wani shago kusa da masaukin, wata Bayarabiya mai jin Hausa rangaɗaɗau tana sayar da shinkafa da wake cokali-cokali, nama kuma ƙidaya. Kawu ya ɗauki ƙwayar wake ɗaya daga farantinsa ya murtsuke ta a yatsa, ya shinshina.

"Mama, wanda ya sayar maki da waken nan ya cuce ki. Na bara waccan ne, kuma an zuba masa magani ya yi yawa."

"Kai Alhaji, sabo ne! Jiya na saya."

"Jiya kika saya, amma shekara biyu ke nan da aka roro shi. Awa nawa ya yi a wuta kafin ya nuna?"

Ta ce tun safe yake cin gawayinta. Ya koya mata yadda za ta fasa ƙwaya da haƙori a kasuwa ta duba cikinta. Ta ƙara mana nama biyu ba ta ƙidaya ba.

Ofishin Barista Rahila a bene yake, hawa na biyu. Sakatare ya ce kuɗin ganinta na awa ɗaya dubu ashirin da biyar, a biya kafin a shiga. Kawu ya tambaya ko har da gaisuwa a cikin awar. Mutumin ya ce daga shiga agogo ke fara aiki. Kawu ya ce mani, "To Habu, gaisuwa ɗaya-ɗaya, kada ka tambayi yara."

Amma ita ta miƙe ta tarbe shi. 'Yar kudancin Kaduna ce, Hausarta ba gyara. "Baba, sannu da hanya. Ya kuka baro Baba Iro? Har yanzu yana zagin mutane?" Ta ce gaisuwa ba ta cikin lissafi. Ta karanta takardar bankin, ta saurari bayanina, ta ce dokar tana nan ban yi ƙarya ba, sai dai da wuya ka ga mutum shi kaɗai ya bi ta. Sannan ta jawo farar takarda ta fara jera abin da za a kashe.

Akwai kuɗin shigar da takarda a kotu. Kowace takardar rantsuwa da nata kuɗin. Za a ajiye wani abu domin aikin jami'in da zai karɓi dukiyar. Za a buga sanarwa a jarida don duk mai bin bashi ya sani, mai karyewar ne zai biya a buga sunansa. Mai yiwuwa a kira wanda zai yi wa kaya da gida kuɗi, shi ma a biya shi. Ga nata kuɗin aiki, ga motarta da masaukinta zuwa Katsina duk zaman da za a yi, kuma ba ta san zama nawa ba ne. Ba zan kawo adadin kowanne ba, domin ta nanata cewa kiyasi ne kuma kuɗaɗen suna canzawa. Amma jimillar da ta ja wa layi ta ninka kuɗin babur sau uku da wani abu. Ta ƙara da abin da ba na kuɗi ba: za a yi masa tambayoyi a bainar jama'a, ba zai karɓi kaya bashi ba sai ya faɗi matsayinsa, kuma fita daga ciki kan ɗauki shekaru.

Kawu ya dubi takardar, duk da ba ya karanta boko.

"To 'yata, wanda ba shi da ko sisi fa, yaya yake yi ya karye?"

"Baba, shi karyewa kawai yake yi, ba takarda."

Ya yi dariya, ta farko tun Funtuwa. Ya ce shi dai ba don kansa ya zo ba, in za a ware kayan mutane zai sayar da filinsa ya cika kuɗin. Ta tambayi wane kayan mutane. Ya yi mata bayanin ajiya. Ta ce akwai takarda? Babu. Akwai alama a jikin buhunan?

A nan Kawu ya gyara zama, domin abu ne da yake alfahari da shi. Ya ce da akwai. Wata ƙyallen atamfa take ɗaurawa a bakin buhu, wani layi uku da gawayi, wani zanen ƙafar kaza. Amma da zafi ya shigo ya ga ƙwari sun fara taɓa kayan, sai ya sayo sababbin buhuna masu leda biyu a ciki, waɗanda ba sa buƙatar magani, da kuɗin aljihunsa. Ya sa aka tankaɗe na kowa aka juye, bai caji kowa ko kwabo ba. Tsofaffin buhunan ya ba masu gawayi.

"Sababbin fa, me aka rubuta a jikinsu?"

"Alamata mana. Don kada su ɓace in an yi lodi."

Ta ajiye biro. Ta ce, "Baba, duka arba'in da ukun?"

"Duka."

Ta juyo gare ni ta yi bayani a hankali. Ta ce a fahimtarta ta dokar, abin da mutum ke riƙe wa wani amana ba ya shiga rabo. Amma kayan da ke cikin shagon ɗan kasuwa, da yardar masu su, a yanayin da duk mai gani zai ɗauka nasa ne, ana iya haɗa su cikin abin da za a raba wa masu bin bashi. Ga sito nasa, ga buhu nasa, ga alama tasa, ba takarda ko ɗaya. Ta ce in muka shigar da ƙarar a haka, mai yiwuwa mu biya kuɗi mai yawa don a zo a kulle kayan mutane da hannun hukuma. Sai a lokacin na tuna an koya mana wannan a darasin dokar nan, a mako na tara ko na goma. Na tuna har inda na ja masa layi. Da ba mu zo ba, da na kai Kawu ya sayar da fili ya sayi abin da yake gudu.

Ta ce, "Yanzu Baba, ta yaya kai kanka kake gane na wane da na wane?"

Kawu ya rufe ido. Ya ce daga ƙofa, hannun dama, jerin farko: uku na Musa Dogo na Wagini, masara fara mai manyan ƙwaya, ɗaya bai cika ba da tiya huɗu. Na bayansu biyu na matar ƙanensa, wake ƙanana mai baƙin ido, ta haɗa da ɗan ja kaɗan. Ya ci gaba. Barista ta yi mani alama in rubuta. Ya kawo mutum goma sha bakwai, buhu talatin da ɗaya, kowanne da inda yake, da irin abin da ke ciki, da watan da aka kawo shi, da wanda ya rako mai shi. Bai tsaya ba sai don numfashi. Ta karɓi littafina ta ce ya sake, amma ya faro daga bango zuwa ƙofa. Ya sake. Tana bi da yatsa, ba ta ɗaga kai ba har ya gama.

"Na yi shari'ar kamfanoni masu kwamfuta ashirin," in ji ta, "ba su kawo mani lissafi irin wannan ba."

Ban san yadda zan faɗi abin da na ji a lokacin ba. Na dai zauna sosai a kujerar.

Shawararta ita ce mu ajiye maganar kotu tukuna. A rubuta wa banki cewa akwai kayan amana a siton, ga jerinsu, ga ranar da za a mayar. Shugaban 'yan hatsi ya sa hannu cewa ajiya sananniyar al'ada ce a kasuwar. Kowane mai kaya ya zo da shaida, ya dangwala yatsa. A yi shi da rana, a fili, a gayyaci bankin. Buhu sha biyun nan kada a taɓa su. Kuma ta ja kunnenmu: in har yana tunanin zuwa kotu nan gaba, kada ya fifita wani mai binsa bashi a kan wani, ko da na allura ne. Ta ce ba ta yi alkawarin bankin ba zai yi gardama ba.

Duk ɗan kasuwar Batsari ya san ma'anar ɗan hatsi ya aika wa masu ajiya cewa su zo su kwashe. Ba ya buƙatar jarida. Kawu ya tambaya ko za a iya yi a hankali, ɗaya yau, biyu gobe, ta ƙofar baya. Ta ce, "Baba, in ka yi haka ya zama ɓoye kaya. Fili ne kaɗai zai kare su."

Mun ci awa biyu saura kaɗan. Kawu ya sa na hauro da rabin buhun nan. Ta zura hannu ta duba ta ce wannan ya biya awa ta biyu, har da canji.

A hanyar dawowa muka tsaya a tashar Funtuwa, muna cin tsire a tsaye. Kawu ya ce, "Ranar kasuwa za a yi." Na ce ko a zaɓi ranar da ba jama'a, tunda fili kawai aka ce. Ya ce mutanen ƙauye ranar kasuwa suke shigowa, ba zai sa su biya kuɗin babur sau biyu don ya rage wa kansa kunya ba.

Kwana huɗu na yi tsakanin Wagini da Yasore ina bin masu kaya. Tawadar dangwale da na saya ta bushe tun ranar farko, sai fasa biro na riƙa yi ina shafa wa mutane a yatsa. Wasu sun ƙi, wai zaɓe ne aka zo da shi ta bayan gida, sai da mai unguwa ya sa baki. Kowa na fara tambayarsa abin da ya kawo kafin in nuna masa jerin. Ba wanda ya saɓa da abin da Kawu ya faɗa a Kaduna.

Ranar kasuwa ya saka rigar nan ya tsaya a ƙofar sito. Shugaban 'yan hatsi na gefe, ma'aikacin banki na ɗaya gefen da littafinsa, jama'a sun yi da'ira. Na ji wani yana cewa ashe babbar riga ba ta biyan bashi. Kawu ya ji, bai waiga ba. Ya riƙa kiran suna da ƙarfi, 'yan dako na fitowa da buhu. Ma'aikacin bankin ya nuna wani buhu a tsakiya ya ce a faɗi abin da ke ciki kafin a buɗe. Mai shi ta faɗa, Kawu ya faɗa, aka kwance, haka ne. Ya sake gwada biyu, sannan ya rufe littafinsa ya koma inuwa.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne, yawancinsu ba za su iya komawa da hatsin ƙauye ba, dalilin da ya sa suka kawo shi tun farko yana nan. Sai suka tsaya cirko-cirko da buhunansu. Kawu da kansa ya riƙa kama hannun kowa yana kai shi wurin abokan sana'arsa, waɗanda ya yi shekaru yana takara da su. "Kai wa wane, sitonsa ba ya yoyo. Ke kuma wurin wane, ba ya taɓa awo. Amma a rubuta maku takarda." Mutanen da ya tara cikin shekara talatin ya raba su kafin azahar.

Har yau ba mu shigar da komai a kotu ba, kuma ban sani ba ko za mu shigar. Buhu sha biyun suna kulle, makulli na hannun shugaban 'yan hatsi, ana magana da bankin da abokan kasuwanci biyun nan da ke binsa a kan yadda za a raba. Ba zan ce an gama lafiya ba, domin ba a gama ba.

Buhu talatin ne suka fita ranar. Na ƙarshe na wata tsohuwa ce, Iya Kande ta Yasore, wadda ta koma wurin 'yarta a Safana, ƙafa kuma ta hana ta tafiya. Da sanin bankin muka ɗaura shi a acaɓa muka kai mata. Ta sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kawo tiya, ta ce a auna a gabanta. Aka auna. Talatin da takwas da rabi.

"Arba'in na kawo maka, Sale."

"Haka ne, Iya. Da na juye buhu na tankaɗe wanda ƙwari suka ci, shi ne ya ragu."

"Ni na ce ka tankaɗe mani? Da ka bar mani abina, kaji na ci. Arba'in munka auna da kai."

Kawu ya ce gaskiyarta, ya ce in ciro kuɗin tiya ɗaya da rabi daga ragowar kuɗin babur. Na matsa kusa da kunnensa na tuna masa maganar Barista. Na ce ban tabbata ba, amma mai yiwuwa wannan ya zama bashi, kuma in ya biya ta kafin banki ana iya cewa ya fifita ta.

"To rubuta," in ji shi, bai rage murya ba. "Rubuta yadda aka yi. Sale ya biya Kande tiya ɗaya da rabi kafin ya biya banki. In alƙali ya tambaya, ni zan amsa."

Na rubuta haka, na sa kwanan wata, na sa sunana a matsayin shaida. Iya Kande ta ƙirga kuɗin sau biyu ta ƙulle a bakin zane, ta miƙo mani babban yatsa na shafa masa tawada. Tana goge shi a jikin tabarma ta ce, "Baɗi kana nan?"

"Ban sani ba, Iya."

"To ka sani. Ni da tsufana ba ni iya koyon sabon mutum."